Kaka a Dajin Wasu

Bahaushe yana da kalmomi masu yawa na tafiya a ƙasa, amma kusan kowace daga cikinsu tana neman dalili. Fatauci tafiya ce, ci-rani tafiya ce, haka ziyara da sada zumunci da gaisuwar mutuwa da neman ilimi. Idan aka cire dalili, abin da ya saura ba mai daɗin ji ba ne: yawo, gantali, ragaita, zirga-zirga. Ko shan iska da miƙe ƙafa, waɗanda suka fi sauran mutunci, da yamma ake yin su, kuma ba a yin nisa da ƙofar gida. Mutumin da ya fito da sassafe, ba fartanya a kafaɗa, ba gatari, ba kwari da baka, ya nufi bayan gari, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa, "Lafiya?" Wannan kuwa ba gaisuwa ba ce, tambaya ce da ke jiran amsa.

Da wannan tarbiyya na iso Bayreuth, gari mai mutum kimanin 75,000 a arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, domin zaman bincike na 'yan watanni. Sunan ba baƙo ba ne ga masu nazarin Hausa, domin jami'ar garin, wadda aka buɗe a 1975, ta yi fice a nazarin Afirka, kuma Hausa na cikin harsunan da ake koyarwa a cikinta. Mutanen wannan gari suna da wata al'ada ta fita a ƙasa zuwa daji ba don komai ba. Suna da takalma na musamman domin ta, da sanduna, da taswira, kuma ba wanda ke tambayar wani inda za shi. Wata Asabar a ƙarshen watan Satumba na bi sahunsu.

Na fito daga masaukina da ke tsohon gari da misalin ƙarfe shida da rabi, gari bai gama wayewa ba, ko da yake an fi awa guda da yin asuba. Akwai sanyi irin na farkon hunturun Katsina, sai dai wannan mai laima ne, ba ya fasa leɓe, shiga ƙashi yake yi. A Titin Maximilian, wanda shi ne kasuwar garin, babu kowa sai masu gidajen burodi da suka kunna fitilu, da wani mutum mai wanke dutsen daɓe da mota. A garinmu wannan sa'a ita ce mafi yawan motsi: zakaru, da turame, da karatun makarantar allo, da yara masu kwanon ƙosai. A nan kuwa ina jin sautin takalmina yana dukan bango yana dawo mini. Na wuce ta gaban tsohon gidan waƙe-waƙen da gimbiya Wilhelmine ta sa aka gina, aka buɗe shi a 1748 domin bikin auren 'yarta, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2012. Kusa da shi akwai Iwalewahaus, gidan fasahar Afirka da Ulli Beier ya kafa a 1981 bayan doguwar zamansa a ƙasar Yarbawa. Ganin sunan Yarbanci a jikin bangon Jamus da sassafe yakan sa ɗan Nijeriya ya ji kamar ya haɗu da maƙwabci a tashar mota.

Wannan lokaci na shekara shi ne masu fassara, a rediyo da littattafan makaranta, suka saba kira kaka. Na daɗe ina jin nauyin wannan fassara a kunne. Kaka a wurinmu lokacin cika ne. Marka ta wuce, agazari ya gasa gero, yara suna gasa tumu a bakin gona, dammuna suna shigowa gari a kan jakuna, rumbu yana cika, bashi yana biyuwa. Da kaka ake ɗaura auren da aka yi alkawari tun bazara, da kaka ake dambe da kokawa da kalankuwa, da kaka maroƙi yake tuna inda manomi yake. Saboda haka ne ma kalmar ta faɗaɗa a bakin 'yan jarida ta zama sunan duk wani lokaci da abu ya nuna ya yawaita, har aka sami kakar zaɓe da kakar wasanni. Abin da Bature ke nufi da nasa lokacin kuwa, musamman a waƙoƙinsa, ragewa ne da ban-kwana. Yini yana gajercewa da kusan minti huɗu kowace rana. Wanda ya girma a Kano, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, sai ya zo nan yake gane cewa haske ma dukiya ce da ake iya zaftarewa: daga sama da awa 16 a watan Yuni zuwa kimanin awa 8 a Disamba.

Duk da haka masu fassarar ba su ɓata hanya ba kamar yadda kunnena yake zarginsu. Kalmar Jamusanci ta wannan lokaci, wato Herbst, tushenta ɗaya da kalmar da Ingilishi ke kiran girbi da ita, kuma 'yar uwa ce ga wata kalmar Latin mai ma'anar tsinka ko cira. Ashe su ma da can kaka suke nufi. Da noma ya bar hannun jama'a ya koma hannun 'yan tsiraru masu injuna, sai girbin ya fita daga cikin kalmar, aka bar ta da launin ganye. Ke nan bambancin da ke tsakaninmu da su ba a tushe yake ba, a abin da ya faru da kalmar ne bayan masu ita sun daina zuwa gona. Wannan tunani ya tsaya mini a rai fiye da yadda na so, domin na san wasu masu kalma da su ma aka raba su da gona, ba da inji ba.

Daga tsakiyar gari hanya ta gangara zuwa gadar kogin Roter Main, wato Jan Main, wanda a wannan wuri an matse shi cikin siminti har ya fi kama da babban lambatu. Can gaba kusa da Kulmbach yake haɗuwa da ɗan'uwansa Fari, su zama kogin Main da ya ratsa Frankfurt. Na haye, na bar tashar jirgin ƙasa a hannun dama, na fara hawan tudu. A wannan titi ne na lura da ƙarshen sunansa, Bürgerreuth, irin ƙarshen sunan garin kansa. Wannan ɗafa-ƙeya ta -reuth, wadda ta cika taswirar yankin, ma'anarta sassabe. An fara ambaton garin a rubuce a 1194 da sunan Baierrute, wato sassaben Bavariyawa. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai yi murmushi, domin mu ma idan ana tarihin gari ba a cewa wane ya gina shi, cewa ake yi wane ya sari garin. Mafarauci ne yakan zo ya zauna gindin wata kuka ko tsamiya, ya sare sunƙurun da ke kewaye, wasu su biyo shi. Gari a asalinsa rami ne da aka huda a jikin daji, a nan da can duka.

A saman tudun gidan da Richard Wagner ya gina domin wasanninsa yake, wanda aka buɗe a 1876, shekarar da J. F. Schön ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a Landan. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta manyan duniya suna cika wannan wuri, amma yanzu kakarsu ta wuce, ƙofofi a kulle, sai hankaki a kan ciyawa. A lambun da ke gabansa an kafa alluna masu ɗauke da tarihin mawaƙa da makaɗa, galibinsu Yahudawa, waɗanda aka kora daga wannan dandali, wasunsu aka kashe su a zamanin Hitler, wanda babban baƙon gidan ne. Ban tsaya ba, na karanta su a wata fitowar. Na ambace su ne kawai domin kada mai karatu ya ɗauka ƙasar da nake takawa ba ta taɓa sanin tsoro ba.

Bayan gidan, gidaje suka fara tsinkewa, kwalta ta ƙare, sai ga bakin daji, wanda suke kira Hohe Warte. Babu ganuwa, babu shinge, sai wani allo mai taswira da kwandon shara. A nan ƙafata ta tsaya da kanta. Hankalina ya san babu abin tsoro, amma jiki yana da nasa karatun. Na ji ina kasa kunne ko zan ji ƙugin babur. Na duba wayata in ga ko akwai sabis, na tuna ban gaya wa kowa inda za ni ba, na kuma lissafa, ba da niyya ba, nawa ne 'yan'uwana za su iya haɗawa idan aka kira su. Shekara talatin da suka wuce babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai zo mini a bakin daji. Abin da zan yi shi ne bisimilla, in duba ƙasa saboda maciji, in shiga. Na yi bisimillar, na shiga.

Daji a tunanin Bahaushe bai taɓa zama wurin wasa ba, wannan gaskiya ne. Shi ne kishiyar gari: wurin namun dawa da iskoki, wurin da doka ba ta kai ba, har cutar da ake jin nauyin ambatonta aka laƙaba mata sunansa aka ce ciwon daji. Amma harshen da ya ji tsoron wuri kawai ba ya rarrabe shi dalla-dalla kamar yadda Hausa ta rarrabe daji. Akwai saura, gonar da aka bari ta huta. Akwai sunƙuru da ba a taɓa sarewa ba, da fako inda ƙasa ta ƙeƙashe, da fadama, da kurmi mai duhuwa a bakin ruwa, da sarƙaƙiya, da dokar daji, da ƙungurmin daji inda sai mafarauci. Kowace kalma a nan sawun ƙafa ce. Wani ne ya je, ya dawo, ya ga akwai buƙatar ya bambanta wa ɗan'uwansa wannan wuri da wancan. Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin su Barbushe, kuma har yau babbar kasuwar birnin, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa, sunanta Kurmi. Al'adar buɗar dawa ta mafarauta ita ma shaida ce cewa daji abu ne mai ƙofa, ana neman izini a shiga, a fito da arziki.

Ƙauyenmu yana yammacin Katsina, tafiyar hantsi daga bakin dajin Rugu. Da kaka, idan aka sassauta daga aikin gona, dajin nan shi ne kantinmu. Mun san inda ɗinya take nuna da wuri, da kanyar da ba ta da bauri, da taurar da ke gefen wani dutse. Idan sanyi ya shigo sai magarya da kurna da aduwa. Mata suna shiga neman itace da ganyen miya, masu magani suna shiga neman sassaƙe da saiwa, Fulanin da suke mashekari a ciki suna fito mana da nono mu ba su hatsi, shanunsu su ci karan gonarmu su bar mana taki. Yankin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren da aka keɓe domin kiwo tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta yi dokar makiyaya a 1965. Ban ce babu rigima a lokacin ba. Akwai ɓarna, akwai tara, akwai satar shanu. Amma rigimar waɗanda suka san sunan juna ce.

Yau idan aka ce daji a yammacin Katsina, ko Zamfara, ko Birnin Gwari, ba itatuwa ake nufi ba. "Mutanen daji sun shigo." "An tafi da shi daji." "Ya kwana arba'in a daji kafin a haɗa kuɗin." A watan Disamba na 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga Ƙanƙara aka shiga da su, kuma wannan ɗaya ne kawai daga cikin waɗanda duniya ta ji labari. Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sububu sun tashi daga sunayen gandun daji sun koma sunayen da ake faɗa da ƙasa-ƙasar murya. A darasin ilimin ma'ana mukan koya wa ɗalibai ƙuntatar ma'ana da misalan da suka ɗauki ƙarni kafin su tabbata. Ga misali nan ya faru a gaban idonmu cikin shekarun da ba su kai ashirin ba, kuma ina ganin bai sami kulawar da ta dace daga gare mu ba. Kaka ma ba ta tsira ba. A wurare da dama manomi sai ya biya haraji ga masu bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Lokacin da a da yake buɗe daji ga mutanen gari, yanzu shi ne lokacin da daji yake aiko wa gari da takardar kuɗi.

Ina cikin wannan tunani rana ta fito sosai, ta ratsa hazon da ke tsakanin itatuwa. Raɓa ta kwanta a kan yanar gizo-gizo, ɗaruruwa, a kan kowane ɗan tsiro, kamar an shanya zaren azurfa. Jamusawa suna kiran waɗannan kwanaki masu taushi na ƙarshen Satumba da wani suna mai ma'anar bazarar tsofaffin mata. Kamar an kira ta, sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin itatuwa, ba ta kan hanya ba, da kwando a hannu da 'yar wuƙa. Ba ta gaza shekara saba'in da biyar ba, kuma ita kaɗai ce. Ta gaishe ni da gaisuwar Bavariya mai ambaton sunan Allah, na amsa, na ɗan rusuna kamar yadda zan yi wa sa'ar mahaifiyata. Kwandon cike yake da naman kaza. Da ɗan Jamusancina da haƙurinta, ta nuna mini wanda ake ci, mai kauri da hula ruwan ƙasa, ta kuma nuna mini da bakin wuƙa wata laimar kwaɗi ja mai ɗigon fari, ta girgiza kai. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Abin da tsohuwar nan take yi yana da gindi a doka. Sashe na 141 na tsarin mulkin Bavariya na 1946 ya ba kowa 'yancin shiga daji da makiyaya, da tsintar 'ya'yan itatuwan daji gwargwadon al'ada, ko da dajin mallakar wani ne. Mutanen jihar suna yi wa sashen laƙabi da sashen naman kaza. Mu ba mu taɓa rubuta irin wannan ba, domin ba mu taɓa zaton ana rubuta shi ba. Kanyar daji ta kowa ce, wa zai hana ka? Sai da aka hana mu muka gane cewa 'yanci ne.

Da muka rabu na ci gaba, a nan kuma wani talauci ya same ni wanda ban saba da shi ba. Ni da nake koyar da harshe, ina tafe cikin dubban itatuwa ba ni da abin da zan kira ko ɗaya daga cikinsu da Hausa sai itace. Ga mai santsin jiki, toka-toka kamar fatar kuka, wanda suke kira Buche. Ga mai kaushin ɓawo da ganye mai gaɓa-gaɓa, Eiche, yana zubar da 'ya'ya masu 'yar hula, wani tsuntsu mai shuɗin fiffike yana kwasa yana binnewa, abin da ya manta ya tsiro. Ga farin nan siriri, Birke, wanda ya riga kowa yin rawaya. Ga masu ganye kamar allura waɗanda ba ruwansu da kaka. Sunayen aro ne a bakina, ba su da ɗanɗano, ba su da karin magana a bayansu. Wasu masana suna danganta kalmarsu ta littafi da sunan Buche, wai a jikin katakonsa aka fara rubutu. Ko da ba su yi ittifaƙi a kai ba, ni abin ya tuna mini da allon da na fara karatu da shi, wanda aka sassaƙa daga aduwa.

Wannan rashin suna a wurina na baƙunci ne, kuma yana da uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne na yaran da ake haifa yanzu a Katsina da Gusau, 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauye da dare. Yaro zai ce maka unguwarsu Ɗorayi, ko Giginyu, ko Kurna, ko Unguwar Rimi, ko Kawo, bai san sunayen itatuwa yake jerawa ba. Zai ji an yi wa Sardauna kirari da gamji, bai taɓa zama a inuwar gamji ba. Marke, ƙirya, maɗaci, tawatsa, maje, faru, madobiya: a ajin da na koyar bara kaɗan ne suka iya siffanta ko uku daga ciki, kuma waɗanda suka iya ɗin duk 'yan ƙauye ne. Sunayen ba za su ɓace daga takarda ba. J. M. Dalziel ya tattara su tun 1916 a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, Bargery ya zuba su a ƙamusunsa na 1934, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya adana da yawa. Amma sunan itace ba a ƙamus ake koyonsa ba. Da ƙafa ake koyonsa, da ƙaya a tafin sawu, da baurin ɗanyar kanya a harshe, da wani babba a gaba yana cewa kar ka taɓa wannan. Idan aka rufe hanyar ƙafa, abin da ya rage shi ne jerin kalmomi da sunan Latin a gefe. Ina ganin mu masu nazari mun fi ba da ƙarfi wajen ƙirƙiro wa kwamfuta kalmomi fiye da tambayar tsofaffin da ke zaune a sansanonin gudun hijira abin da suka sani game da sabara da geza, alhali su ne ke tafiya.

Ba wai dajin nan na Jamus lafiya lau yake ba. A wani gangare na tarar da fili fetal, kututture kawai, da gumagumai an jera a bakin hanya an shafa musu lamba da fenti. Fari da zafin da aka yi daga 2018 zuwa 2020 sun raunana itatuwan nan masu allura da suke kira Fichte, wani ƙwaro mai cin ƙarƙashin ɓawo ya gama da su, kuma arewacin Bavariya na cikin inda abin ya fi muni. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Jamus daji ne, amma yawancinsa dashen hannu ne, gona ce ta katako mai ma'aikata da rajista. Abin da ya ja hankalina a filin shi ne 'yan tsirrai da aka dasa aka kewaye da raga saboda barewa. Mutum yana iya zuwa ya dasa, ya dawo baɗi ya duba. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, abin da suka kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Babban gwarzon wannan aiki shi ne gawo, itacen da ya saɓa wa kowa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. A nan sanyi da gajartar yini ne suke sa itace ya janye koren ganyensa ya sake shi, a wurinmu ƙishirwa ce, shi kuwa gawo nasa lissafin daban. Da wani Bajamushe zai tambaye ni yaushe ganye ke zuba a ƙasar Hausa, sai in ce masa ya danganta da wanda ka tambaya.

A ƙololuwar tudun akwai wata hasumiya ta dutse da aka gina domin tunawa da nasarar yaƙin 1870 zuwa 1871 a kan Faransa. Na zauna a gindinta na kira Inna, domin Asabar ce ranar gaisuwarmu. Shekara huɗu ke nan tana zaune cikin birnin Katsina a gidan ƙanena, a ɗaki mai tayil da fanka wanda har yau take kira masauki. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta ambatar sunana.

"Inna, kun tashi lafiya? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, Malam. Ina kake nike jin kukan tsuntsaye?"

Na ce mata ina daji. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

"Kai da wa?"

Na ce ni kaɗai, na yi sauri na ƙara da cewa yanzu na rabu da wata tsohuwa sa'arta, ita ma ita kaɗai, tana tsintar abin miya. Ta yi salati, ta ce in sake faɗi. Da ta natsu sai ta shiga tambaya, ba game da ni ba, game da itatuwan. Na ɗaga kai na siffanta mata wanda ke kaina, mai santsin jikin nan. Ba ta tambayi sunansa ba. Ta ce yana 'ya'ya? Na ce yana yi, ƙanana masu kusurwa uku cikin ƙwanso mai ƙaya. Ta ce ana ci? Na ce dabbobi suna ci, kuma bayan babban yaƙin da aka yi, da yunwa ta kama ƙasar, mutane sun riƙa tsintar su ana matse musu mai. Ta ce icensa yana ci da kyau a murhu? Na ce an ce babu kamarsa.

"To ai wannan kaɗanyarsu ce," in ji ta.

Na tambaye ta labarin gida. Ta ce wani ya zo daga can shekaranjiya, ya ce gero ya yi kyau a gonakin bakin gari, an fara yanka, ana shigowa da shi tun kafin la'asar. Gonar daji kuwa, wadda mahaifina ya sara da hannunsa, bana ma ba a shuka ta ba, sabara ta cinye ta har ba a gane iyaka. Ta ce amma mutumin ya hango kukarmu daga kan hanya, tana nan tsaye, ganye har ƙasa, ba wanda ya je ya ɗiba.